Dilruba da Fuskokin Mazan Ingila

Dilruba ba ta tambayar mutum shekarunsa, domin ta san ƙarya zai yi mata. Wuyansa take kallo, da gefen idonsa, da bayan hannunsa. A shagon hoton mahaifinta ta koyi wannan, can cikin wani lungu na Zindabazar a garin Sylhet, inda tun tana 'yar shekara goma sha biyu take zama bayan labule tana gyara hotunan fasfo da ɗan siririn buroshi.

A wancan zamani duk wanda ya shigo shagon, Landan ce a ransa. Dattijo mai shekara hamsin zai zauna ya ce a rage masa goma, domin matar da za ta ɗauke shi zuwa can ba ta son tsoho. A kawo ƙato mai gashin baki a ce a share gashin a hoto, saboda kawunsa da ke Ingila ya rubuta shi a takarda cewa ɗansa ne ɗan shekara sha biyar. Mahaifinta ya ɗauki hoto, ita ta gyara, su biya su fita suna godiya kamar an yi musu aikin lada. Tun daga lokacin ta raina masu zuwa Landan, kuma rainin bai taɓa barinta ba.

Ta auri Ataur, malamin firamare, wanda shi kaɗai ne a gidansu bai ƙetare ba. Mutumin kirki ne mai yawan tari. Ya rasu 'yarsu Tahmina tana da shekara tara. Wayar hannu kuma ta kashe shagon hoto, mahaifin ya bi shagon ba da jimawa ba. Dilruba ta koma ɗinki, tana zaune da 'yarta a ɗakuna biyu na bayan wani gida mai hawa uku da yayan mijinta, Haji Mokbul, ya gina da kuɗin gidan abincinsa na Luton a Ingila. Wata goma sha ɗaya gidan a kulle yake, ƙadangaru ne kawai ke more tayil ɗinsa. Duk watan Disamba Haji yakan sauka da akwatuna, da gemunsa ja jawur da lalle, ya je ya duba ƙofar masallacin da ya gina wa unguwa, wadda aka rubuta sunansa a kanta da haruffan da suka fi na sunan masallacin girma.

Tana da shekara arba'in da huɗu ta ji ana neman ma'aikata a wani ofis da ke saman shagon masu sayar da tayil. Mai ofishin, Rezwan, matashi ne mai ƙamshin turare da agogo mai faɗi. Ya jera mata fuskoki hamsin a kwamfuta ya ce ta faɗi shekarunsu. Biyu kaɗai ta kuskure.

"Inna, ke kam baiwa gare ki!" in ji Rezwan. "Bari in gaya miki, aikin nan ibada ne. Turawan Ingila sun yi doka, ba wanda zai shiga shafukan manya sai an tantance shekarunsa. Yara muke karewa."

"Manyan me?" ta tambaya.

Rezwan ya gyara agogonsa, ya ce yana da baƙo. Wata budurwa mai suna Shiuli, wadda teburinta ke kusa, ita ta sunkuyo ta raɗa mata: "Na batsa, Inna. Amma kar ki damu, mu ba ma ganin komai sai fuskokinsu. Wallahi su ma sun isa."

Aikin ba wuya. Mutum a Ingila zai nuna wa wayarsa fuskarsa, ko lasin tuƙinsa, na'ura ta duba. Idan na'urar ta yi shakka, sai ta jefo hoton nan Sylhet. Maɓalli kore, ya shiga. Maɓalli ja, ya koma. Dilruba takan sauka daga keken haya da ƙarfe shida na safe, ta tauna ganyen pan ɗinta, goron mutanen garin, ta zauna. Safiyarta ita ce tsakar darensu, don haka fuskokin da matansu ba su sani ba su take gani.

Ta ga mai sanƙo zaune a banɗaki, ya rage hasken waya yana waige. Ta ga mai kwat da laktaye a cikin mota, kujerar jariri a bayansa. Ta ga wanda ya yi wa kyamara murmushi kamar mai neman aure. Na'urar takan ce musu su juya kai hagu, su juya. Ta ce su buɗe baki, su buɗe. Mazan da a ce matarsu ce ta roƙe su su miƙo gishiri sai sun yi tsaki, ga su suna wangame baki saboda waya ta umarce su.

"Dubi wannan," takan ce wa Shiuli. "Jikokinsa na barci a sama, shi yana nan yana nuna mini dasashi."

Yaran da aka ce ana karewa kuwa, da wuya ta ga ɗaya a yini. Wani lokaci wani ya zo da lasin yayansa, ta danna ja ba tare da ta ajiye kofin shayinta ba. Ta tambayi Shiuli ina sauran.

"Haba Inna, wane yaro ne zai tsaya a layi? Akwai manhajar da ke ɓoye ƙasar da mutum yake. Minti biyu ya zama ɗan wata ƙasa, ya wuce abinsa."

"To mu wa muke tarewa?"

"Tsofaffin da ba su iya waya ba."

Dilruba ta yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Wato manyan mutane sun zauna a majalisa, sun yi ta jawabi, sun gina ƙofar ƙarfe a tsakiyar fili, sannan suka ɗauko bazawara daga Sylhet ta yi musu gadi.

A Disambar shekarar Haji Mokbul ya zo, aka kai masa labari tun kafin ya kwance akwati. Ya sa aka kira ta falo. Yana kishingiɗe, carbi a hannu.

"Me nake ji? Matar ƙanena a ofis, cikin maza, gaban kwamfuta? Mun mutu ne?"

"Takardu nake dubawa, Yaya."

"Takardu! Ke ba ki san abin da ke cikin kwamfutar nan ba. Ni da nake zaune a ƙasarsu na sani. Ƙazanta ce zalla. Ita kuma Tahmina na ji wai makarantar jinya take, za ta riƙa taɓa jikin maza. Kafin in dawo baɗi ta bari. Gidan nan na mutunci ne."

Ta ce to, ta kwashe kofuna. Ba ta bar aikin ba, Tahmina ma ba ta bar makaranta ba. Haji ya koma Luton a farkon Janairu.

Wata safiya a watan Fabrairu, ana ɗan sanyi, su biyu ne kawai a ofis, ita da Shiuli. Na'ura ta jefo mata wani mutum da ta kasa tantancewa saboda ya rufe fuska: hula har gira, tabarau, ga takunkumi irin na asibiti. A bayansa buhunan shinkafa ne da garwar man girki, da alama ɗakin ajiyar wani gidan abinci. Na'urar ta umarce shi ya cire takunkumin. Ya waiga ƙofa, ya sauke shi a hankali. Jan gemu ya zubo.

Dilruba ta daina tauna. Ta duba lasin da ya ɗaga: Mokbul Miah, Luton. Ranar haihuwar ma ƙarya ce, duk dangi sun san ya rage wa kansa shekara shida.

Ta yi zaton za ta ji kunya, ko tsoro. Abin da ta ji wani sanyi ne kawai, irin na wanda ya ɗaga murfin tukunyar da ya daɗe da sanin ta lalace. Na'ura ta ce ya juya kai hagu, Haji ya juya. Ta ce ya buɗe baki, Haji ya buɗe, har da haƙorin zinariyar da ya sa a Makka.

Ta danna ja. A gurbin dalili ta zaɓi: bai kai sha takwas ba.

Bayan minti uku ya sake gwadawa, wannan karon ya faɗo teburin Shiuli. Ya cire hular da tabarau, ya matso da gemun kusa da kyamara yana shafawa, don a gani da kyau.

"Inna, zo ki ga wani kaka," in ji Shiuli. "Wannan ai ya girmi dokar kanta."

Dilruba ta miƙa hannu ta kan kafaɗarta ta danna ja.

"Inna! Me kika yi?"

"Yaro ne."

A karo na uku ya dawo wurinta. Fuskar ta kumbura, jijiyar goshi ta tashi, bakinsa yana motsi. Ba a jin sauti, amma ta karanta zagin a leɓɓansa, zagin kasuwar kifi ne na garinsu, wanda ba a yi a gaban mata. Ta danna ja. Wanda aka mayar sau uku, sai ya jira wata guda. Ta tashi ta dafa musu shayi, ta sa wa kanta sukari cokali uku.

Kwana biyu bayan haka Rezwan ya kira ta. Kamfanin da ya ba su kwangila ya yi bitar aiki, hoton Haji na kan kwamfutar Rezwan.

"Inna, don girman Allah dubi mutumin nan. Wannan ne bai kai sha takwas ba?"

"Haka na gani."

"Gemunsa ya kai ƙirji!"

"Akuya ma tana da shi, ɗana."

Rezwan ya dafe kai. "Kin san me kika jawo mana? Duk wanda muka mayar, mai shafi ya yi asarar mai saye. Ƙorafi suke yi. Sun ce muna korar musu mutane."

"Au, na ɗauka yara muke karewa."

Rezwan ya rufe hoton. Bai kuma kore ta ba, domin ba shi da mai idonta. Ya rubuta cewa kuskuren hannu ne. Shiuli ta yi ta tambaya wane ne mutumin, Dilruba ba ta taɓa faɗa mata ba. Tahmina ma ba ta ji ba.

Aikin ne ya mutu da kansa. Da damina ta kama, layin fuskoki ya fara gajarta. Tsofaffin ma sun koyi ɓoye ƙasa, ko an koya musu. Waɗanda ba su koya ba sun koma wasu shafukan da ba ruwansu da doka, ba sa tambayar kowa komai, kuma in ji Shiuli abin da ke cikinsu ya fi muni nesa ba kusa ba. Shafukan da suka bi doka suka rasa jama'a, suka rage kwangila. Na'urar kuma ta daina shakka. A watan Satumba Rezwan ya tara su ya yi musu jawabi mai tsawo game da ci gaba.

"Ke fa kika koya mata, Inna," ya ce wa Dilruba, kamar mai ba ta lambar yabo. "Duk maɓallin da kika danna, darasi ne a wurinta."

"Allah Ya sa ta fi ni haƙuri da su," ta ce, ta ɗauki lemarta ta sauka.

Ta sami aiki a wani shagon tabarau kusa da gadar kogin Surma, tana gwada wa mutane firam.

Disamba ta zagayo, Haji ya sauka. Da ya ji ta bar ofis, ya yi hamdala da ƙarfi don baƙin da ke falo su ji cewa maganarsa ce ta yi aiki. Ta kawo shayi da soyayyen kifi. Yana ba dattawan unguwa labarin lalacewar Turawa, tsiraici a titi, tsiraici a waya, ba kunya ba tsoron Allah. Dattawan suna girgiza kai cikin jin daɗi. Sannan ya juyo gare ta.

"Yauwa, maganar Tahmina. Na ce kafin in dawo..."

"Yaya," ta ce tana zuba masa shayi, "ai na ji yanzu Turawan sun gyara. An ce ba mai shiga wuraren nan sai ya nuna fuskarsa. Har baki ake sa mutum ya buɗe. An ce wani dattijo ma sau uku ana mayar da shi, wai yaro ne."

Dattawan suka fashe da dariya. Ɗaya ya ce Allah Ya ƙara, wani ya ce ai irin waɗannan bulala ta dace da su. Haji bai yi dariya ba. Ya kai kofi baki, shayin ya ƙona shi, ya ajiye. Ya dube ta, ta dube shi, ta tambaye shi ko a ƙaro sukari.

Bai ƙarasa maganar Tahmina ba, ran nan ko wata rana. Ko ya gane, ko tsoro ne kawai ya kama shi, Dilruba ba ta sani ba, ba ta kuma damu ta sani ba. Ya rage fitowa falo idan tana tsakar gida. Saura mako guda hutunsa ya ƙare ya ce mai dafa masa abinci a Luton ya gudu, dole ya koma.

Ranar tafiyar, ana loda akwatuna a mota, ya zagayo har ƙofar ɗakinta, abin da bai taɓa yi ba tun rasuwar ƙanensa. Ya miƙa mata gwangwanin biskit na Ingila, idonsa a kan bango, ya ce a gaida Tahmina, Allah Ya ba ta sa'ar jarrabawa. Ta karɓa da hannu biyu, ta yi masa addu'ar sauka lafiya.

Da motar ta fita ta juya gwangwanin, ta ga wa'adinsa ya wuce tun bara. Ta kai shi bakin kududdufin bayan gida ta juye wa agwagin maƙwabta, ta wanke gwangwanin ta zuba zare da allurai, sannan ta tsayar da keke ta tafi shagon tabarau, don ta riga ta makara.