Ɗanbala da Rigar Siminti

Duk wanda ya zauna unguwar Nima, a nan birnin Ankara, kafin a sami 'yancin kai ya san Ɗanbala mai wankin hula. Gida ɗaya muke haya, ɗakinsa na kallon nawa, ni ina sayar da koko a ƙofar gida, shi yana ta fama da hulunan mutane a gindin katanga. Bayansa a karkace yake. Kafaɗar dama ta haye sama, ta hagu ta yi ƙasa, sai ka ce mai sauraren magana ta bango. In aka tambaye shi, sai ya ce haka ya zo da abinsa daga Damagaram, kuma ba a karɓi kuɗin kaya a kansa ba a mota.

Mutum ne marar yawan magana. 'Ya ɗaya Allah Ya ba su shi da matarsa Memunatu, sunanta Ƙaltume.

Wata safiya, Ƙaltume ta fara tasawa ke nan, ta sunkuya tana sharar tsakar gida. Ta gama, uban ya ce ta sake. Ta sake. Ya tashi ya tsaya a bayanta ya ce ta ƙara. Memunatu ta leƙo ta ce, "Malam, ƙasar ce za a cinye?" Sai ya kira ni. Ya nuna mini: in yarinyar ta miƙe ba ka ganin komai, amma da ta sunkuya sai haƙarƙarin dama ya ɗan yi tudu sama da na hagu. Wallahi, nan take na san abin da yake gani.

Kafin azahar kowa a gidan ya zama likita. Wata Badagomba ta ce garwar ruwa ce, a daina ɗora mata. Malamin unguwa ya aiko da rubutu. Maɗori ya zo daga unguwar Mamobi, ya lalluba, ya ce ba inda ya karye, shi kuwa abin da ya karye yake ɗorawa. Ni ma ban bar bakina ba, na ce a riƙa rataye ta a saman ƙofa tana lilo. Ɗanbala ya saurari kowa, ya yi godiya, sannan ya ce duk an yi masa waɗannan yana yaro, ga shi nan kuwa muna gani.

Ya sa Ƙaltume a trotro, motar haya, sai babban asibitin Ankara. Na bi su, don Memunatu ta ce ƙafarta ba za ta ɗauke ta ba. Aka ɗauki hoton ƙashi. Likita ya ɗaga shi a haske, ga ƙashin baya ya lanƙwashe kamar igiyar guga da aka yar. Ta bakin tafinta ya ce ba garwa ba ce, ba kuma laifin kowa ba ne. Amma muddin tana girma abin zai iya ƙaruwa, sai an tare shi tun ƙashi bai yi tauri ba.

Aka zuba mata filasta daga hamata har ƙugu. Mutanen Nima suka sa wa abin suna rigar siminti, yara kuma suka sa mata suna Randa. Ga zafi, ga ƙaiƙayi. Memunatu ta yi kuka ta ce wa zai auri randa, a fasa abin nan. Ɗanbala ya ce wanda ya taɓa shi ya nemi wani gidan. Ban taɓa jin muryarsa ta kai ƙofar gida ba sai ran nan. Ya fiƙe siririn kara yana zura mata yana sosawa, hulunan mutane na jiƙe a kwano, masu su na zuwa suna komawa kai ba hula.

Haka aka yi ta yi, a yanke wannan a zuba wata, har ta zama budurwa. Bayan bai miƙe sak ba, kada in yi muku ƙarya. Amma ya tsaya inda aka tare shi, in ta sa riga sai wanda ya sani.

Ranar ƙarshe likita ya duba hoto ya ce ƙashi ya gama girma, an sallame ta. Muka miƙe. Ɗanbala bai tashi ba. Ya gyara zama, ya ce wa tafinta ya tambaya masa ko akwai irin rigar nan ta manya.

Likita ya ce babu, ƙashinsa ya riga ya kafe tun da daɗewa.

"Na sani," in ji Ɗanbala. "Dama ban taɓa tambaya ba ne."