Kwamfuta Mai Rigar Karammiski

Edita, a shekarun da wayar salula ta fara shiga hannun talaka, ni saurayi ne mai rawar kai, ina aiki a wani kamfanin roba a Sharada, a kan injin da ke fitar da bokiti da buta. Ban yi boko mai zurfi ba, amma Allah Ya ɗora mini taɓe-taɓen na'ura, har ana cewa duk rediyon da ya shigo hannuna sai ya ga abin da ya gani. A gidan yayana nake zaune, shi ya riƙe ni tun rasuwar mahaifinmu. Direban babbar mota ne, yana lodi a Dakata da Bompai ya nausa kudu, mutum mai barkwanci wanda ake jiyo dariyarsa tun daga bakin layi. Matarsa kuwa abokiyar wasana ce. Ina ce mata matarmu, tana ce mini ƙaramin maigida mara ko tabarma.

Wata rana taya ta fashe masa a hanya, motar ta kife da kaya, aka kawo mana shi ƙafafu biyu a karye. Ƙashi ya haɗu, alhamdu lillahi, amma zuciyarsa ta ƙi haɗuwa. Likita ya gaya mana ƙiri-ƙiri cewa zai iya takawa in ya dage da motsa ƙafafun, in kuwa ya ci gaba da kwanciya jijiyoyin za su sandare, shi ke nan sai keken guragu. Yaya ya ji da kunnensa, ya dawo gida ya juya fuska bango. Mun yi lallashi, mun yi faɗa, abokansa direbobi sun zo sun yi nasu, a banza. Wallahi na sha shiga banɗaki in yi kuka don kada matarsa ta gan ni.

Ana cikin haka na ci karo da wata tsohuwar kwamfuta a wurin 'yan gwanjo, tare da sitiyarin wasa mai totur da birki da ake takawa da ƙafa. Ina ganin abin takawar nan sai dabara ta faɗo mini. Na kwaso su na kai ɗakin Yaya, na saka faifan wasan tseren mota, na yi kamar don kaina na kawo. Bai kula ni ba da farko, sai dai ƙarar injin ta riƙa jan kunnensa. Rannan na dawo daga aiki na tarar matarmu ta tallafa masa ya zauna bakin gado, hannu a sitiyari, ƙafar dama na rawa a kan totur, gumi na zuba, yana yi wa motocin cikin allo tsawa kamar a tashar Dakata. Abin da likita ya kasa sa shi yi, akwatin nan ya sa shi. Matarmu don murna ta ɗauko jan karammiski cikin kayan aurenta, ta ɗinka wa kwamfutar riga har da shafi da leshi a baki, kamar yadda ta yi wa talabijin da rediyo. Ta rufe ta ruf, sai ƴan kafofi na waya da maɓalli da wurin faifai. Na tsokane ta cewa saura lalle a kai amarya, ta ce aƙalla ita amaryarta ta samu ɗaki, ni fa?

Bayan wani lokaci Yaya ya haddace wasan, kowace kwana ya san ta, ya fara gajiya. Na samo masa sabon faifai, mai manyan motoci da tudu da ruwan sama, irin hanyar da ya saba. Amma sabon ya yi wa kwamfutar nauyi kaɗan, motar ba ta tafiya sumul. Na kai kukana wurin wani abokina mai kafe a Bompai, inda nake zuwa leƙa intanet. Shi ya fahimtar da ni cewa akwai wani allo a cikin kwamfuta da ake kira katin hoto, shi ke zana duk abin da ido ke gani, kuma akwai manhajar da ake tilasta masa da ita ya yi gudu fiye da yadda masu ƙera shi suka tsara. Ya faɗi sunan abin da Turanci, ni kuwa na ce ai wannan obataim ne, irin aikin bayan lokacin tashi da helma, shugabanmu a wurin aiki, ke sa mu in oda ta yi yawa. Ya ja mini kunne in riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan ina gwadawa. Wa ya ga kaɗan-kaɗan! Ina zuwa gida na ja abin nan sama, na buga ƙirji na ce wa Yaya na sa katinsa obataim.

Da farko abin ya yi kyau har Yaya ya yi mini kirari. Amma da ya ɗan yi nisa a hanya sai hoton ya fara tsinkewa, motar ta tsaya cak, ta yi tsalle, ta sake tsayawa. Ya juya sitiyari, sai ya riga ya faɗa rami kafin motar ta amsa. Wasu ɗigo-ɗigo masu launi suka riƙa fitowa a kan kwalta. Ni da ganin haka sai na ce gudun ne bai isa ba, na ƙara masa. Ya ƙara lalacewa, na sake ƙarawa. Ga shi bazara ta kama, ɗakin kwano ne, rana na dukansa tun hantsi.

Daga nan na shiga wahalar da ban taɓa shiga ba. Na zargi bairos, cutar kwamfuta, na goge komai na sake zubawa. Na zargi faifan, na canjo wani. Na zargi wutar layinmu da ke zuwa kamar ta kyandir in kamfanoni sun tada injuna, na aro sitabilaiza. Duk kanwar ja ce. Na ɗora akwatin a acaɓa na kai shagon abokina, muka kunna a gaban fankarsa, ya yi ta gudu lafiya lau, har abokin ya fara yi mini kallon mai ƙarya. Na dawo da shi gida, kafin la'asar ya koma gidan jiya. Na sake kaiwa, lafiya. Na dawo, ciwo. Ganin haka wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta yanke hukunci cewa ba injin ba ne, ɗakin ne, bakin mutane ya kama shi. Matarmu ba ta yi ƙasa a gwiwa ba, ta hura garwashi a kasko ta zuba turaren da tsohuwar ta ba ta, ta ajiye gab da kwamfutar. Ranar ko fita daga tasha motar ba ta yi ba, allon ya ɗauke gaba ɗaya.

A ranar ne Yaya ya ture sitiyarin da hannu. Ya ce in kwashe tarkacena, tunda hanya ta ƙi shi a waje, ga shi ta ƙi shi a cikin akwati, to ya gane saƙon. Ya koma ya fuskanci bangonsa. Edita, maganar nan ta soke ni. Kwanaki suka wuce ƙafar ba ta taɓa totur ba, na ga matarmu tana shafa masa man zafi tana ƙoƙarin lanƙwasa gwiwar, gwiwar tana ƙi. Wasan da ke tsakanina da ita ma ya mutu, sai gaisuwa kawai.

Mafita a wurin aiki ta same ni. Oda ta yi yawa, helma ya sa aka ƙara wa injina gudu, ba a jima ba bokitai suka fara fitowa a karkace, bakinsu a motse. Wannan ba sabon abu ba ne a wurinmu, kowane ma'aikaci ya san in ka hanzarta inji dole ruwan da ke sanyaya shi ya wadata, in ba haka ba garin neman yawa sai ka tara shara. Na duba bututun ruwan na tarar ya toshe, na buɗe shi, bokiti ya dawo daidai. Ina tsaye da bututun a hannu sai na ji kamar an kwaɗa mini mari. Na sa kati obataim, to da me yake shan iska? Ana tashi ban ko wanke hannu ba na tari acaɓa.

Na shiga ɗakin na kunna wasan, na bar shi ya ɗan yi tafiya, sannan na zura hannu ƙarƙashin karammiskin. Sai da na fizge shi, kamar na taɓa murfin tukunya. Na kira matarmu na tambaye ta ina rigar take zama in na tafi da akwatin Bompai. Ta harare ni ta ce da hankalinta za ta bari a hau acaɓa da karammiskin aurenta? Cirewa take ta wanke, in na dawo ta mayar. Ashe tsirara nake kai shi shago, a gaban fanka, in dawo da shi gida a naɗe shi da bargo cikin zafin bazara, har da kaskon wuta a gefe! Kafin obataim katin yana iya jurewa. Da na matsa masa sai zafi ya yi yawa, shi kuma in ya ji zai ƙone sai ya rage gudu da kansa don ya tsira, ni ina can ina ƙara masa kaya. Na zauna a ƙasa ina dariya har da hawaye, ita tana tsaye tana salati, tana cewa ashe ita ce bakin mutanen.

Na tuɓe rigar, na kwance murfin gefe. Ƴar fankar katin ta cushe da zaren karammiski kamar sheƙar tsuntsu, na share ta da tsohon buroshin haƙori. Na samo man da ake shafawa tsakanin katin da ƙarfen da ke zuƙe zafinsa, na canja wanda ya bushe. Sannan na mayar da gudun inda masu shi suka ajiye, na fara ƙarawa kaɗan, in yi tuƙi mai tsawo, in taɓa in ji, in sake ƙara kaɗan. Da ɗigo-ɗigon nan suka leƙo sai na ja baya na tsaya a nan. Abin haushi, ɗan ƙarin da ake bukata bai taka kara ya karya ba. Amma ɗakin kansa tanda ne, don haka na kwashe komai na kai rumfar tsakar gida, ƙarƙashin darbejiya, inda iska ke kaɗawa.

Saura mai motar. Na yi masa albishir, bai ko juyo ba. Sai na ƙure ƙarar lasifika na zauna na kama tuƙi, ni da ban iya ba. Na hau tudu da giyar da ba ta dace ba, injin yana kuka kamar ana yanka shi, na bangaji wannan na goga wancan. Matarmu ta gane nufina, ta tsaya bakin ƙofa tana ba shi labari da ƙarfi cewa ƙaramin maigida ya sake kifar da kayan mutane. Can sai muka ji muryarsa daga ɗaki, irin ta da, yana tambaya wane mara mutunci ne ke kashe giya haka. Na ce in ya isa ya zo ya karɓa. Ya ce a kawo masa ciki. Na ce ai likitan kwamfuta ya hana, iska take so.

Har na fara nadamar maganata. Sai muka ji ƙarar sandunan da aka ba shi a asibiti, waɗanda tun zuwansu suke jingine a bayan ƙofa. Ya fito yana rawa, haƙora a cije, gumi har gemu, yana ja yana hutawa. Na yunƙura zan tare shi ya daka mini tsawa in tsaya inda nake. Da ƙafafunsa ya ratsa tsakar gidan nan, ya zo ya ce in tashi masa daga kujera. Matarmu ta rangaɗa guɗar da ta tara mana maƙwabta, tsohuwar nan ta shigo tana cewa ai ta faɗa, turarenta ba ya ƙarya. Motar kuwa ta hau tudun nan sumul, ko tari ba ta yi ba.

Tun daga ranar kullum sai ya fito rumfa, daga rumfa zuwa zaure, daga zaure zuwa masallaci. Ni abin da na koya, inji ko mutum, kada ka ƙara masa aiki sai ka fara duba ta ina yake numfashi, kuma in ka ƙara ya lalace, ja baya ake yi, ba ƙari ba. Samari masu son sa katin hoto obataim, ku bi a hankali, ku riƙa taɓawa kuna ji, don saura ƙiris in ƙona abin da ƙafar yayana ta dogara da shi. Iyayenmu mata kuma, don Allah a riƙa tuɓe wa na'ura riga in tana aiki. Yaya bai koma babbar mota ba, bas ɗin ma'aikatan wani kamfani yake ja a Challawa. In kun shiga kuka ga kujerar direba da jan karammiski mai leshi a baki, to ku gaishe shi, rigar kwamfutar ce yake zaune a kai.