Jarkar da Inna Ta Ƙi Miƙo Mini

Gishiri Inna ta fara lasa kamar tunkiya, mu kuwa muna ta yi mata tsiya. Daga baya ta yi baƙi har dasashi, ta rame, in ta miƙe sai jiri ya kwashe ta. Ta sha maganin zazzaɓi da na olsa har ta gaji, kafin na ɗauko ta daga Katagum zuwa asibiti a Azare, inda nake koyarwa.

Likitar da ta duba ta, wata mutuniyar kudancin Bauchi, ta ce tana zargin wasu ƴan halittu biyu da ke kan ƙoda. Ta ce akwai masu bincike da ke auna ɗimbin sinadaran da jiki ke zubarwa cikin fitsari, daga nan su gane ko halittun gazawa suka yi ko wani abu ne ya tsiro a kansu. Ta ba ni farar jarka, ta ce a tara fitsarin Inna na yini da kwana cur, kar a zubar da ko ɗigo.

Abin da likita ba ta sani ba, ni ne ɗan fari. Inna a ruga ta tashi. Ko sunana ba ta taɓa kira ba, balle ta miƙo mini fitsarinta. Na je Katagum ran Asabar, ta ce ta manta. Na koma, ta ce akuya ta kifar. Zuwa na uku na tarar an wanke jarkar tas, an zuba kananzir.

Raina ya ɓaci, na ɗaga mata murya, abin da ban taɓa yi ba.

"Inna, kunyar nan kashe ki za ta yi!"

Ta juya fuska bango, ta ce, "Kai wannan, je ka abinka."

Da ina da hankali, da tun farko na aika garin Udubo an kira ƙanwarta. Sai da na ɓata wata guda ina jin haushi kafin dabarar ta faɗo mini. Ƙanwar tana zuwa aka tara, ita ta kawo jarkar Azare a naɗe cikin zani.

Sakamako ya iso bayan mun binne Inna. Likita ta ce cuta ce da ƴar ƙwayar magani take riƙewa shekara da shekaru. Na yi mata godiya, na fito, na zauna a gindin dalbejiya na yi kuka. Har yau abin yana cina: magana ta ƙarshe da na yi wa mahaifiyata da gaske, tsawa ce.