Waƙar da Ta Kori Zuhura

A cibiyarmu ta kiwon karnukan ruwa a fadamar Cibayish, aikin Kawu Falih shi ne koya musu tsoron mutum kafin a sake su, don kada maharba su feɗe su. Wata ƙarama, Zuhura, ta ƙi koyo. In ya buga mata tukunya, sai ta hau cinyarsa ta yi barci.

Ranar sakinta ta biyo kwalekwalensa. Matarsa Najiya ta kira shi da alkunyarsa, ta ce, "Abu Karim, rera mata waƙar nan da na hana ka shekara talatin."

Baiti ɗaya ya yi, Zuhura ta nutse ta ɓace, ɓauna biyu suka rufa mata baya.

Kawu ya share hawaye. "Marar kunya, ko amshi babu."