Ranar da Gwaggo Ta Rufa wa Asibiti Asiri

Matso kusa, gyara zama, ka ji labarin Gwaggo mai sharar asibitin ƙauyensu. Asibiti dai sunan girmamawa ne. Ɗaki biyu ne da baranda, kwanon rufin yana yoyo, tankin ruwan da ke baya kuwa ƙadangaru ne suka tare a ciki. Ma'aikaci ɗaya ne, malamin asibiti, shi ne mai allura, shi ne mai ɗaurin ciwo.

Tun mijinta na raye Gwaggo take share wurin. Mace ce da ko ba a hura wuta a gidanta ba, sai ta wanke tukunya ta kife inda maƙwabta za su gani. A asibitin nan 'yarta ta yi haihuwar fari, ranar da sai da aka ruga rafi neman ruwan wanke hannu. Jaririn bai yi kwana ba. Yanzu ga 'yar da wani cikin, Gwaggo kuwa ba ta da roƙon da ya wuce ruwa ya zo famfon asibitin kafin watan haihuwa.

Ana nan sai labari ya zo cewa baƙi za su zo daga birni su duba asibitocin karkara. Duk wanda ba shi da ruwa, da wuta, da gadon haihuwa, za a yi masa. Malam ya yi sammako ya tafi bakin titi tarbo su. Gwaggo ta tsaya ta dubi ɗakin da idon baƙo, kunya ta rufe ta.

Ta bi gida-gida. Mata suka yi ta jido ruwa daga rafi har tanki ya cika. Matar tela ta ba da aron gado, Gwaggo ta shimfiɗa zanen gadon da take ɓoyo a ƙasan akwati, ta rataya labule a kan tsagar bango. Bakanike ya kawo batir ya haɗa ƙwan fitila.

"Gwaggo, amarya za a kawo ne?" in ji shi.

"Kai dai ɗaura waya. Baƙi su zo su same mu kamar marasa gata?"

Da malam ya shigo da baƙin, sai ya yi turus a bakin ƙofa. Babbar cikinsu ta murɗa famfo, ruwa ya zubo. Ta danna makunni, fitila ta kama. Ta shafa zanen gadon.

"Ranki ya daɗe, ba haka wurin yake kullum ba," in ji malam.

Ta yi murmushi. "Malam, duk inda muka je haka ake ce mana. Ku kam ku gode wa Allah." Ta juya ga Gwaggo. "Sannu da aiki, Baba. Da kowa irinki ne, da mun huta."

Ran nan Gwaggo ta koma gida kanta a sama.

Kafin damina, motar haƙa rijiya ta ratsa ta gaban asibitin, ba ta ko rage gudu ba. Ƙauyen gaba ta nufa, inda baƙi suka tarar da awaki kwance a ɗakin haihuwa. Gwaggo na baranda da tsintsiya a hannu har ƙarar motar ta ɓace.

"Ɗan nan," ta ce wa malam, "ni na kore ta, ko?"

Malam ya juya ya shige ciki.

'Yar Gwaggo ta haihu a asibitin da rana tsaka ana ruwan sama, a kan tabarma, Gwaggo na tara roba a ƙarƙashin yoyo. Da ruwan robar aka tafasa aka yi komai. Allah ya raya yarinyar, amma uwar ta yi ta zazzaɓi har sai da aka goya ta a babur zuwa birni. Ta dawo, sai dai har yau ba ta iya ɗaukar tulu.

Yanzu an ce baƙin za su sake zagayowa. Malam ya roƙe ta: "Gwaggo, don Allah kada ki taɓa komai. Bar su su ga yadda muke."

Ta ce to. Ta mayar da labule gida, ta bar tanki ga ƙadangaru. Amma ga ta can tsaye a baranda, iska ta tara ganye a bakin ƙofa, hannunta na kaiwa ga tsintsiya yana dawowa.

Kai da ke zaune kana ji, me ya sa sai mutum ya tona wa kansa asiri kafin a ba shi ruwan da tun farko haƙƙinsa ne?