Oba-oba a Rumbun Gero

A zamanin Turawa, ni da aminina muna sayen gyaɗa, ni a Bagwai, shi a Shanono. Shi ya samo mana oba-oba biyu wurin wani tsohon soja, don mu riƙa jin farashi ba sai an tashi mai keke ba. Na tambaye shi zancen lasisi, ya dafa ƙirji ya ce ya yankar mana. Saboda ɓarayi nake ajiye tawa cikin rumbun gero, ko matata ba ta sani ba, sai shi kaɗai.

Ashe tasa kawai ya yankar wa, munafukin. Kaka na kamawa, ciniki ya buɗe, sai ga 'yan doka a gidana. Ba su tambayi kowa ba, ba su leƙa ɗaki ba. Rumbun suka nufa.