Igiyar Ƙasa

A biranen da yawon duniya ya kai ni, daga Kumasi har Dakar, na ga iyaye suna fita da ƙananan yara yawon buɗe ido. Wasu su ɗauki jagora ya shige gaba yana nuni, wasu su saki yaran su nemo abin da aka lissafa musu, wanda ya riga samu a tafa masa. Iyayen har gardama suke yi kan wanne ya fi. Mu ma a Arewa, zamanin Nasara, mun san duka biyun, sai dai ba don nishaɗi muke yi ba.

Ƙauyenmu yana kusa da Kiyeshe. Jagoran yaran gidanmu Kawu ne, ƙanen Inna, maharbi mai maganin dafi. Duk yaron da ya isa fita daji shi ke fara kai shi. Zai tsuguna ya nuna masa sawu a rairayi ya ce wannan na bushiya ne, wannan na damo, wannan kuwa shi ne abin da mata ke ce wa igiyar ƙasa. Domin a wurinmu ba a kiran maciji da sunansa, wai kira shi ne gayyata. Daga baya na tarar Zabarmawa da Fulani su ma igiyar ƙasa suke ce masa a harsunansu.

Shekarar da fara ta cinye gero, an tafi da Baba aikin hanya, an kuma sa matan gari daka wa ma'aikata. Ana cikin haka wani babban Nasara ya zo rangadi da matarsa da ƴaƴansa biyu, suna son a zagaya da su duwatsun Dogon Dutsi. Gardi, wato dogarin Nasara, ya zo ya tafi da Kawu, don babu wanda ya san duwatsun kamarsa.

Gidan ya rage daga Inna sai ni da ƙanwata da autanmu, wanda bai daɗe da iya magana sosai ba, bai kuma taɓa fita daji ba. Babu mai riƙe shi, dole mu tafi da shi daji neman abin ci. Inna ta mai da abin wasa don kada mu ji yunwar. Ta ce wanda ya fi kawowa shi zai kankare ƙanzon tukunya.

"Ku samo min anza, da ganyen jiga, da aduwa in kun ga ta faɗo," in ji ta. "Ke kuma sarauniyar kwaɗayi, kar ki cinye a hanya."

"Ni mi zan kawo, Inna?" in ji Auta.

"Kai ka kawo min kanka, maigidana." Ta ɗauki taɓarya, ta waiwayo daga bakin ƙofa. "Ku dudduba igiyar ƙasa, kun ji ko?"

Ni da ƙanwata mun gane gargaɗi ne. Auta kuwa ya ji shi cikin jerin abin da za a nemo. Igiyar gugarmu ta tsinke kwanan nan, ya kuma ga Inna tana ƙulla ta tana tsaki.

Rana ta ɗaga muna tsinkar anza a wani fako, sai na ji muryarsa daga gindin sabara, cike da murna.

"Yaya! Na riga ku! Na samo wa Inna igiya!"

Kafin in juyo ya yi ƙara. Kububuwa ce, launinta ɗaya da ƙasa. Ta sare shi a tsakanin yatsu. Na goyo shi har gida, yana kuka yana cewa igiyar ta gudu.

Da yamma hannun ya kumbura har kafaɗa, jini ya fara fita ta dasashinsa. Tsofaffi suka yi tsaga, suka yi tofi, amma garin maganin yana cikin burgamin Kawu, burgamin kuma yana rataye a kafaɗarsa. Da gari ya waye Inna ta bar Auta wurin maƙwabciya ta kama hanyar Dogon Dutsi, ni ina bin ta.

Mun same su a gindin dutse. Daga nesa na hango Kawu, ƴar Nasaran tana zaune a wuyansa, ya tsuguna yana nuna wa namijin wani abu a rairayi da tsinke. Uwar tana ƙarƙashin laima. Gardi ya tare mu da bulala.

"Ina zuwa, baiwar Allah?"

"Ranka shi daɗe, wancan ƙanena ne. Igiya ta taɓa min yaro."

"Igiya? To ki kwance shi mana." Ya yi dariya, alhali ɗan ƙasar ne, ya san abin da take nufi. "Madan, matar Nasara, ba ta son hayaniya. Su gama tukuna."

"Don Allah burgamin kaɗai za ka amso min."

"In tsai da yawon ɗiyan Nasara don burgami? Ke za ki sha bulalar ko ni?"

Inna ta ɗaga murya ta kira Kawu, iska ta tafi da kiran. Gardin ya kore mu bayan dawakai, muka zauna cikin rana. Sai da la'asar ta yi sanyi aka sallame shi. Matar ta ba shi gwangwanin sukari, yana riƙe da shi lokacin da Inna ta faɗa masa. Ya ajiye shi a ƙasa ya zura da gudu.

Ya iske Auta da sauran numfashi, ya ɗura masa maganin, amma jinin ya riga ya ƙare. Mun rufe shi washegari. Na girma na ga saran kububuwa a asibitoci, na san ko da allura wasu ba sa tashi. Ba zan iya rantsuwa cewa garin Kawu zai tashe shi ba. Inna dai har ta rasu ta yarda zai tashe shi.

Kawu bai sake kai yaro daji ba, wani maharbin ne ya koya wa na bayanmu sawu. Inna kuwa daga ranar ta daina sakaya sunan. Tsofaffin gari suka yi ta yi mata faɗa, ta ƙi ji. Duk yaron da ya fara tafiya a gidanmu sai ta zaunar da shi ta ce masa sunan abin maciji, yana kisa. Har yau a zuriyarmu babu mai ce masa igiya.